Kududdufin da Aka Raba Kamar Gona

Anti Kulu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata take ta kitsa mini, domin na kai matsayin da ko salla na tayar, fuskar baffana nake gani a gabana. Ban faɗa wa kowa ba, ko Innata ba ta sani ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su. Garinmu ma ba zan faɗa ba, ki dai ɗauka wani ƙauye ne a yankin Zakirai, inda gona take manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya yi maka sannu daga tasa.

Ina karatun digiri na biyu a fannin injiniyancin ruwa a wata jami'a a Kano. Aikina shi ne in sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda ruwa yake tafiya da yadda yake cuɗanya. Zan yi miki bayaninsa a gaba, don shi ne ya jefa ni cikin wannan hali, amma bari in fara da kududdufin.

Kakanmu ya bar wani kududdufi a bayan gida, inda aka haƙi ƙasar da aka gina gidan da ita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙanensa wanda zan kira Baffa Dabo, su suka yashe shi, suka gyara bakinsa, suka mai da shi wurin kiwon tarwaɗa. Baba ne ya haƙa rijiyar burtsatse mai sola a filinsa, ya ja bututu ya shigar da ruwa ta gabas. Mafitar ruwan tana can yamma, tana shayar da lambun Baffa. Duk tsawon zamansu ba a taɓa jin kansu ba.

Da Baba ya rasu, sai aka ce a raba don kowa ya san nasa. Dattawan gari suka zo da igiyar awo, wadda suke raba gona da ita, suka ja ta daga kudu zuwa arewa, suka raba ruwan gida biyu daidai. A gona gamba ake dasawa a kan iyaka. Tun da ba a dasa gamba a ruwa, sai aka kafa turaku aka ɗaura raga. Gabas namu, yamma na Baffa. Aka shafa fatiha, kowa ya tafi yana yaba adalcin rabon.

Yayanmu namiji yana aiki a kudu, don haka da Inna ta fita takaba ta ce ita za ta riƙe kiwon. Anti, ban taɓa ganin mace mai kula da abu kamar yadda Inna ta kula da kifin nan ba. Abinci a kan lokaci, ba ta bari ko ganye ya kwana a kan ruwan. Amma da suka fara girma, wata safiya ta je ta tarar da su sun taso, ciki a sama, sun taru a kusurwar arewa ta ɓangarenmu. Ta yi kuka ta share hawaye, ta ce ƙaddara ce, ta sake zuba wasu. Su ma haka, a kusurwar nan dai. Na Baffa kuwa sai ƙiba suke yi kamar ana hura su. A lokacin ya riga ya gina ɗakin kaji a bakin ruwan ta wajensa, yana wanke kashinsu ya gangara ciki, yana kuma watsa wa kifinsa hanjin kaji da yake samowa a kasuwa.

In da asarar kifi ce kawai, wallahi da ban rubuto miki ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Baffa ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, a gaban manya da yara, ya ce matar wansa tana da farar ƙafa. Ya ce ruwa ɗaya, irin kifi ɗaya, rana ɗaya take dukansu, to me ya bambanta nasa da nata in ba mai su ba. Ya ce tun da ta shigo gidan wansa bai ƙara ci gaba ba, har ta kai shi ƙasa, yanzu kuma ta koma kan dabba. Mutumin da Inna ta yi wa wanki da girki tun yana saurayi, ta haɗa masa lefe da hannunta, shi ne ya buɗe baki ya faɗi haka.

Kin san ƙauye. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga kowane gida. Inna ta je wani suna, ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, sai uwar mijin mai jego ta yi wuf ta ɗauke shi, wai yana jin barci. Masu aiko yara sayen furarta suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Dangin wanda yake neman ƙanwata Tahira suka daina zuwa, ba faɗa ba sallama, daga baya muka ji wai farar ƙafa gadonta ake yi. Tahira ta rame ta fige. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, na zo hutu na tarar Inna ta laɓta wa ƙafafunta lalle har ya yi baƙi, ita da rabonta da ƙunshi tun Baba yana raye. Na tambaye ta, ta ce sanyi take ji. A bazara, Anti! Ashe ita ma ta fara yarda. Har ta ce mini tana ganin gara ta bar wa Baffa ɓangarenmu, tun da ya aiko cewa zai karɓa don ya rage mata wahala. Kin ji mai tausayi.

Ranar ban yi kuka ba. Na samo gora na bi bakin kududdufin ina auna zurfinsa, na auna faɗi da tsawo, na auna ƙarfin ruwan da yake fita daga bututu, na koma makaranta na zuba komai a kwamfuta.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Manhajar da nake aiki da ita tana yanka kududdufin zuwa ƙananan gidaje masu ɗimbin yawa, a kowane gida ta lissafa inda ruwan ya dosa da saurinsa. In ta gama, sai ki saki ɗigo masu launi a duk inda kike so, ki zauna ki ga inda ruwa zai kai su. Na saki shuɗaye a bakin bututunmu, na saki jajaye a ƙarƙashin ɗakin kajin Baffa. Shuɗayen, wato ruwanmu mai tsabta, ko tsayawa ba su yi a wajenmu ba. Suka bi gefen kudu a guje, suka ratsa raga, suka je suka wanke ɓangaren Baffa tas. Jajayen kuwa, kaɗan ne suka fita ta mafita. Sauran sai ruwan da ya daki bangon yamma ya juyo da su ta gefen arewa, suka ratso raga, suka shiga kusurwarmu, suka yi ta zagaye a wuri ɗaya ba su fita. Akwai wani hoton kuma da manhajar take fitarwa, mai nuna daɗewar ruwa a kowane wuri. Babu ruwan da ya kai na kusurwar nan tsufa. A nan ƙazanta take taruwa ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi yake shaƙa a cikin ruwa. A nan kuma Inna take zuba musu abinci, don nan ne inuwa take.

Kin ga farar ƙafar ke nan. Rijiyar ubana ce take sa kifin Baffa ƙiba, kashin kajin Baffa kuma yake kashe namu, sannan ya hau kan tabarmar masallaci ya ci mutuncin uwata. Ko ya san haka ko bai sani ba, ba ni da shaida. Zuciyata dai tana ce mini ya sani sarai, in ba haka ba me ya sa yake rawar jiki a kan karɓar wurin?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ban tsaya a nan ba. Na yi ta canza wa bututun fuska a kwamfuta, in juya shi nan in juya shi can, har na samu abin da nake nema. In na sa masa gwiwa na karkata bakinsa ya kalli arewa, ruwa mai tsabta zai riƙa zagaye a ɓangarenmu, na Baffa kuma ya kwanta. Jajayen ɗigon nan ba sa zuwa ko'ina, a gabansa suke taruwa har wurin ya rine. Na kalli hoton nan ya fi a ƙirga, kuma ba zan ɓoye miki ba, duk lokacin da na kalla sai in ji sanyi a raina. Ga zafi ya kankama, lokacin da ruwa ya fi saurin lalacewa. Kifinsa sun cika sun batse, ya riga ya yi wa masu bandar kifi na Bacirawa alkawarin za su zo su kwasa kafin azumi, yana ta cika baki a gari. Gwiwar bututun na riga na saya, tana cikin jakata. Aikin ba zai ɗauke ni lokacin dafa shayi ba, kuma a ƙarƙashin ruwa take, babu mai gani.

Ki faɗa mini, Anti, ina laifina? Ban zuba guba ba. Ban tsallaka raga ba. Bututun na ubana ne, ruwan namu ne, ƙazantar tasa ce, kawai zan bar masa kayarsa. Ina so ya fito da safe ya tsaya a bakin ruwan nan kamar yadda Inna ta tsaya, ya ga fararen cikkuna tun daga raga har bango. Ina so in zo in durƙusa har ƙasa, in yi masa jaje da murya mai taushi, in yi masa addu'ar Allah ya mayar da alheri. Ina so ya ɗanɗana. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne ban san ko Allah zai kama ni ba, kuma ban san ko Baba zai ji daɗi a kabarinsa ba, don duk lalacewar Baffa, cikinsu ɗaya.

Ki ba ni shawara, amma don Allah kada ki ce mini haƙuri. Haƙurin ne ya sa Inna ta koma kallon tafin ƙafarta.

Mai ƙunar zuci, daga yankin Zakirai

AMSAR ANTI KULU

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sanyaya zuciyar Innarki. Kin ce kada in ce haƙuri, to ba zan ce ba. Ni kaina da na kai wurin jaririn nan sai da na ajiye wasiƙar na tashi na zagaya ɗaki. Abin da Baffanki ya faɗa camfi ne da addini ya hana, kuma cin naman marainiyar Allah ne da ba ta da mijin da zai tare mata. Fushinki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki rashin kunya ne.

Amma laifi biyu kika haɗa a ƙwarya ɗaya, bari mu raba su. Na ƙazanta daban, na baki daban. Na ƙazantar, zai yiwu bai sani ba. Dattawan da suka ja igiya ba su sani ba, Innarki ba ta sani ba, ke kanki sai da kika haɗa da digiri da gora da kwamfuta kafin ki gano. Kwaɗayin wurin kuwa ba ya nuna ya san tafiyar ruwa, yana nuna kwaɗayi ne kawai. Na bakin shi ne babu uzuri, kuma shi ne ainihin ciwonki. Ki lura da kyau, maganin da kika haɗa na kifi ne, bai taɓa bakin ba.

Ni ban san kan kwamfutar ruwa ba, don haka na kai wasiƙarki na karanta wa Injiniya Khalilu, ƙanen maigidana, wanda irin aikinki yake yi. Ya yaba miki, ya ce bayaninki ya zauna. Amma ya ce in tuna miki abin da malamanki suka riga suka faɗa miki, cewa kwamfuta abin da aka ba ta take juyawa. Iska tana kaɗa ruwa, gansakuka yana toshe raga, laka tana canza zurfi, kuma kifi yana mutuwa da wata cutar ma. Sai an gwada a ruwan gaske hotonki zai zama hujja. Ya ƙara da cewa ragar da ta bar ƙazantarsa ta zo muku, ba za ta hana ruɓaɓɓen ruwansa da cutar matattun kifinsa dawo muku ba. Sannan ya yi dariya ya ce duk wanda ya juya bututu har ya gano fuskar da za ta kashe ɓangare ɗaya, to a hanya ya wuce wadda za ta wanke duka biyun. Wannan ba ki rubuto mini ita ba, 'yar nan, na lura.

Kin tambaye ni ko Allah zai kama ki. Ni ba malama ba ce, amma amsar tana cikin wasiƙarki. Bututun naku ne, gaskiya, kuma kuna da haƙƙin juya shi don ku tsirar da dukiyarku, in kun sanar da shi ya kwashe ƙazantarsa. Amma ke kin zaɓi ɓoye, kin zaɓi zafin bazara, kin zaɓi gab da kwasarsa, har jajen da za ki yi masa kin tanada. Wannan ba kare kai ba ne, cuta ce da niyya, kuma iyalinsa da ba su ce komai ba za su sha tare da shi. Ki kai wa duk malamin da kika yarda da shi, ba na jin zai faɗa miki daban.

Tun da ramuwa kike so, ga wadda zan sa miki hannu a kai. Kafin komai, yau ɗin nan, ki zaunar da Inna ki nuna mata hoton, ki yi mata bayani da Hausar da kika yi mini. Ita ta fi kowa bukatar sanin cewa ba ita ba ce. Ki hana ta sakin wurin. Sannan ki sayi kalar abinci, wadda ba ta cutar da kifi, ki gwada a ruwan da idonki, ko da daga bakin raga ne ta gefen arewa, ki ga ko za ta bi hanyar da kwamfuta ta zana. In ba ta bi ba, ki karɓi gaskiya, ki nemo masanin cutar kifi, ƙazafin dai yana nan a matsayinsa na ƙarya. In ta bi, ki kira yayanki ya zo, don a ƙauye maganar baffa ba a bar wa 'ya mace ita kaɗai. Ku fara aika dattijo ya same shi a keɓe, ku ba shi ƙofar fita. In ya ƙi, ku gayyato dagaci da liman da dattawan da suka yi rabon, da rana tsaka, a zuba kalar a ƙarƙashin ɗakin kajinsa, kowa ya tsaya ya ga inda za ta je ta kwanta. Ba sai kin ɗaga murya ba. Bukatarku biyu ce: ya mai da wankin kajinsa lambu inda zai zame masa taki, kuma ya koma majalisar da ya yi maganar ya janye ta da bakinsa. Bayan nan ki gyara bututun yadda zai amfani kowa, a gaban kowa.

In har yanzu zuciyarki tana ce miki juyawar ɓoye ta fi daɗi, to ki zauna ki yi wani lissafin da kwamfutarki ba za ta yi miki ba, wato tafiyar magana a garinku. Ke kaɗai kika ga ɗigon nan, kuma ke kika ce babu mai ganin gwiwar a ƙarƙashin ruwa. Ki ɗauka komai ya tafi yadda kika tsara, Baffa ya wayi gari kifinsa sun taso. Mutane za su taru a bakin kududdufin suna salati, su tambayi juna me ya faru. Amsa ɗaya suke da ita, wadda shi ya ba su. Babu mai cewa Allah ya saka wa Innarki. Cewa za su yi abin nata ya tsallaka raga. Daga ranar kuma ba ki da bakin wanke ta, sai dai ki tona kanki, kuma ko kin tona ba lallai su yarda ba. Ƙaryar da ya ƙulla mata, ke 'yarta za ki tabbatar da ita da hannunki.

Ki ciro gwiwar nan daga jaka ki miƙa wa Inna ta ajiye miki har ranar da za a ɗaura ta a bainar jama'a. Allah ya wanke mahaifiyarki a idon duniya, ya ba Tahira wanda ya san darajarta, ya sa iliminki ya zama abin da za a riƙa yi miki addu'a a kansa. Ki gaida mini Inna da kyau.

Taki, Anti Kulu